Masu Karanta Cikin Na'ura: Gwanintar Warware Manhaja da Matsayinta a Doka

Waya idan ta mutu, mai ita ba ya ganin komai sai baƙin gilashi. Ya danna, ya girgiza, ya sa a caji, shiru. Amma a rumfunan gyaran waya na Gombe, daga kewayen babbar kasuwa zuwa bakin tashoshin mota da layukan Jekadafari, Tudun Wada, Bolari da Pantami, akwai samarin da wannan shirun yake gaya wa abubuwa da yawa. Kamfanin da ya ƙera wayar yana can Shenzhen ta ƙasar Sin, bai aiko wa mai rumfar da taswirar cikinta ba, bai ma san da zamansa ba. Duk da haka, manomin da ya taso daga Kumo ko Dukku ko Bajoga da safe yakan koma gida kafin magariba da wayarsa tana ƙara, lambobin mutanensa duk suna ciki.

Gwanintar da ke yin wannan aiki ita ce bin abu daga ƙarshensa zuwa farkonsa. A miƙo maka abin da aka gama ƙerawa, kai kuma ka gano yadda aka yi tunaninsa. Mai ƙira yana tasowa daga niyya ya isa ga na'ura, mai warwara kuwa daga na'ura yake tasowa ya koma ga niyya. A ganina tana cikin manyan sana'o'in wannan zamani, kuma ba a ba ta girman da ya kamace ta ba, har wasu na ɗaukarta ƙanwar sata. Dokar haƙƙin mallaka, a nan gida da ƙasashen waje, ta fi masu wannan zato adalci: tana kare rubutun mutum, amma ta bar ƙofar fahimta a buɗe. Ya kamata masu sana'ar su san faɗin wannan ƙofa, su kuma san inda bangonta yake.

Mita, bulowa da haƙuri

Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, masu gyara suka rabu gida biyu, masu hadwaya da masu sofwaya, ko da yake gwani na ƙwarai yakan taɓa duka. Mai hadwaya da tambaya yake farawa. Faɗuwa ta yi, ko ruwa ta sha? A caji ta kwana? Da wace caja? Daga nan ya kwance bayanta, ya cire batir, ya fito da fanel, allon nan da ke ɗauke da ɗaruruwan ƙananan sassa waɗanda wasunsu sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Ya jona shi da na'urar ba da wuta, ya zuba wa lambobin ido. In fanel ya ja wuta da yawa tun kafin a taɓa makunni, akwai inda layi ya haɗu da ƙasa, abin da suke kira shot. In ya ja kaɗan ya cije a wuri ɗaya, ƙwaƙwalwar ta farka amma ba ta sami abin karantawa ba. In bai ja komai ba, sai a koma kan makunni da ai-sin wuta, wato sashen da ke rarraba wuta. Kafin ya ɗauki bulowa ko ƙarfen dalma, ya riga ya rage wuraren zargi daga ɗari zuwa uku ko huɗu.

Wahalar ita ce fanel ɗin waya hawa-hawa ne, yawancin layukan tagullar suna binne a tsakiya inda ido ba ya kaiwa. Sai dai a bi su da mita: tsinke ɗaya a nan, ɗaya a can, kunne yana jiran ƙara. Mai wayo yakan ajiye lafiyayyen fanel irin na wayar a gefe, ya auna nan ya auna can, duk inda lambobi suka saɓa, nan ciwon yake. Wasu sukan turara fanel da hayaƙin ƙaron dalma har ya yi fari fat, sannan su sakar masa 'yar wuta. Sashen da ya lalace zai ɗauki zafi ya narkar da farin da ke kansa, ya tona asirin kansa. In layi ne ya yanke a ciki, sai a ja siririn zaren tagulla a tsallake wurin, shi ne jamfa. Duk wanda ya yi jamfar da ta ta da waya, to ya zana wa kansa wani yanki na taswirar da kamfani ya ɓoye, ko da bai taɓa sa ta a takarda ba.

Abin da ke ɓoye a ƙwaƙwalwa

Na sofwaya ya fi wannan zurfi, don shi abin da yake nema ba ya taɓuwa. Manhaja rubutu ce. Mutane ne suka zauna suka rubuta ta da harsunan da injiniyoyi ke karantawa, irin su C da Java, suka ba kowane sashe suna mai ma'ana, suka bar wa juna bayani a gefe. Wannan shi ne rubutun asali, kuma yawancin kamfanoni a kulle suke ajiye shi. Kafin a zuba shi a waya, wata manhaja ce ke juya shi zuwa harshen na'ura, jerin sifili da ɗaya da ƙwaƙwalwar waya kaɗai ke bi. A wajen juyawar nan bayanan gefe sukan tafi gaba ɗaya, yawancin sunaye su zube, tsarin ma ya sauya. Abin da ke cikin wayar aljihunka ragowar nan ce: umarni miliyoyi a jere, babu kanun magana, babu mai gaya maka wane ne ke kula da caji, wane ne ke kula da kyamara.

Aikin mai warwara kamar na telan da aka kawo wa riga ce daga wata ƙasa, ɗinkin ya burge shi, ya zauna da reza yana farke zare ɗaya bayan ɗaya har ya ga yadda aka yanka wuya, inda aka karya kafaɗa, da dalilin da ya sa hannun yake zama daidai. Bai saci rigar ba, saya aka yi. Abin da ya fita da shi ilimin yanka ne.

Hanya uku gwanaye ke bi, kuma sukan haɗa su. Ta farko kallo ne daga waje. Ba ka buɗe manhajar ba, sai dai ka aika mata abu ka ga me za ta mayar, ka sauya kaɗan ka sake aikawa, har ka gane harshen da take magana da shi. Ta haka Andrew Tridgell, lokacin yana ɗalibin digiri na uku a wata jami'a a Kanbera ta Ostareliya, ya zauna yana sauraren saƙonnin da kwamfutoci ke aika wa juna, ya fitar da manhajarsa a farkon 1992. Ita ce ta zama Samba, wadda har yau take ba kwamfutocin Linux damar musayar fayil da na Windows.

Ta biyu karatu ne a tsaye. Akwai manhajojin da ke mayar da sifili da ɗayan nan zuwa umarnin da mutum zai iya bi, kamar IDA Pro da Ghidra. Ita Ghidra hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka ce ta gina ta, ta kuma sake ta kyauta ga kowa a watan Maris na 2019. Sai dai abin da suke fitarwa ba shi da sunaye. Mai warwara zai nemi 'yar alama, misali kalmar gargaɗin da waya ke nunawa in batir ya yi zafi, ya duba wane sashe ne ke kiranta, ya ce to wannan shi ne mai auna zafi, ya raɗa masa suna. Daga shi ya bi wanda ya kira shi, ya raɗa wa wannan ma suna. Sashe ɗaya kan ci yini. A hankali duhun ke yayewa, har wata rana mutum ya duba allonsa ya ga tunanin wani injiniyan da bai taɓa gani ba a shimfiɗe, da dabarunsa da kurakuransa.

Ta uku bibiya ce yayin da manhajar ke aiki. A kunna ta a killataccen wuri, a tsayar da ita a tsakiyar tafiya, a leƙa me take riƙe da shi, a sake ta taku ɗaya, a sake tsayar da ita. A watan Mayun 2017, lokacin da ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a duniya har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, wani saurayi ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, ya lura tana neman wani adireshin intanet da babu mai shi. Ya yi rajistar adireshin da kuɗin da bai kai dala 11 ba, sai yaɗuwarta ta tsaya. Yawancin rigakafin da ke tsare kwamfutocin bankuna da asibitoci a yau, daga irin wannan zama yake fitowa, don mai rubuta cuta ba ya raba rubutunsa na asali.

Matakin da Gombe take

Gaskiya ita ce yawancin masu sofwaya a Gombe, kamar 'yan'uwansu na Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja, a matakan farko na wannan tsani suke. Wayoyin da suka fi zuwa hannunsu su ne Tecno, Itel da Infinix, dukansu na kamfanin Transsion, kuma yawancinsu ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc ce a ciki. Kayan aikinsu SP Flash Tool ne da akwatunan filashin, wato sake zuba wa waya manhaja, irin su Miracle, UMT da CM2, waɗanda su kansu amfanin warwarar da wasu suka yi ne a wasu ƙasashe. Amma a cikinsu akwai waɗanda suka wuce danna maɓalli. Sun san ma'ajiyar waya ɗakuna ce, sun san ɗakin da ke ta da ita, da wanda ke riƙe da bayanan da take kama sabis da su. Sun san in aka kawo wayar da ta tsaya a logo, kafin a yi mata filashin sai an kwashe abin da ke ciki an adana, don fayil ɗin da bai dace ba yana iya kashe sikirin ko ya ɗauke sabis. Sun san wuraren nan biyu a jikin fanel da in aka haɗa su, wayar da ta ƙi motsi za ta yarda ta yi magana da kwamfuta. Babu littafin kamfani da ya koya musu. Gwaji ne, da kwatance, da abin da oga ya nuna wa yaronsa.

Kuma abin bai tsaya a waya ba. Tun daga 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma ta nan kanikawan zamani ke jona na'ura su tambayi ƙwaƙwalwar mota abin da ke damunta. Haka inbata da na'urar cajin sola, haka injinan POS, haka na'urorin gwaji a asibiti. Kusan duk abin da muke saya yanzu da manhaja a cikinsa, kuma kusan duka daga waje yake zuwa. Garin da ba shi da masu karanta cikin na'ura, duk abin da ya lalace masa sai ya jefar ya sayi sabo.

Inda doka ta shigo

Yarjejeniyar cinikayya ta duniya da aka ƙulla a 1994, wadda Najeriya ke cikinta, ta wajabta wa ƙasashe su kare manhaja kamar yadda suke kare littafi, ko tana a rubutun asali ko ta koma harshen na'ura. Amma ita wannan yarjejeniya ta ce kariyar tana kan yadda aka furta abu ne, ba ta hau kan ra'ayi ko hanyar aiki ko ƙa'idar lissafi ba. Wanda ya rubuta littafin koyar da noman masara yana da haƙƙin jimlolinsa, amma ba shi da ikon hana ka noma da dabarar da ka karanta a ciki.

A nan manhaja ta zo da matsalar da littafi bai da ita. Littafi kana buɗewa ka karanta, ba sai ka kwafe shi ba. Manhaja kuwa ba ta karantuwa sai an kwafo ta cikin kwamfuta an juya ta, kuma kwafi da juyawa su ne ainihin abin da doka ta keɓe wa mai haƙƙi. In aka bi zahirin doka kawai, kamfani zai mallaki har dabarun da doka ta ce na kowa ne, tunda ya kulle su a inda ba a isa sai ta haramtacciyar hanya. Wannan ƙulli ne kotuna suka yi shekaru suna kwancewa.

A 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur. Kusan duk sassanta ana samunsu a kasuwa, ban da wata 'yar manhaja da ke ta da ita, wadda IBM ke da haƙƙinta. Kamfanin Compaq, da wasu injiniyoyi uku suka kafa a Houston a 1982, da kamfanin Phoenix, wanda ya fitar da tasa a 1984, sun rubuta tasu da ke yin aiki iri ɗaya ba tare da sun kwafi ta IBM ba. Tsarin da Phoenix ya bi ya zama abin koyi: rukuni ɗaya ya nazarci ta IBM ya rubuta bayanin abin da take yi kawai, aka miƙa bayanin ga wanda bai taɓa ganin rubutun IBM ba, ya rubuta sabuwa daga tushe. Daga nan ƙofar ƙera kwamfutoci masu araha ta buɗe wa duniya. A daidai wannan lokaci kamfanin Franklin, wanda ya kwafi manhajar Apple kai tsaye ya zuba a nasa injin, ya sha kaye a kotu a 1983. Buri ɗaya, hanya biyu, hukunci biyu.

A 1992 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke shari'ar Sega da Accolade. Accolade ya warware manhajar Sega don ya gano yadda zai rubuta wasannin kansa su yi aiki a injin Genesis na Sega. Kotu ta ce in warwara ce kaɗai hanyar isa ga dabarun da doka ba ta kare ba, kuma akwai halastaccen dalili, to amfani ne na adalci. A wannan shekara dai Atari ya faɗi a gaban Nintendo, saboda ya karɓo rubutun Nintendo daga ofishin rajista da dalilin ƙarya; yadda kwafi ya zo hannunka yana da nauyi a ma'auni. A 2000 aka sake tabbatar da ƙa'idar a shari'ar Sony da Connectix, wanda ya yi manhajar da ke kunna wasannin PlayStation a kwamfutar Apple.

Turai ta rubuta nata a doka tun 1991. Duk wanda ke da izinin amfani da manhaja yana iya kallonta, ya nazarce ta, ya gwada ta don ya gano dabarun da ke ƙarƙashinta, kuma yana iya warware ta in hakan ya zama dole don tasa manhajar ta yi aiki da ita. A 2012 babbar kotun Tarayyar Turai ta ce aikin da manhaja ke yi da harshen da aka rubuta ta da shi ba sa cikin abin da wannan doka ke karewa, a 2021 kuma ta ce wanda ya sayi manhaja yana iya warware ta don gyara kurakuranta.

Abin da dokarmu ta tanada

Najeriya ta daɗe tana aiki da dokar 1988, wadda aka rubuta tun kafin intanet ta shigo ƙasar. A ranar 17 ga Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kuma Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke kula da aiwatar da ita. Dokar ta lissafa manhaja cikin rubutattun ayyuka, saboda haka kwafarta da sayar da ita ba da izini ba laifi ne. Amma akwai wurare huɗu da duk mai wannan sana'a ya kamata ya haddace.

Sashe na 3 ya fitar da ra'ayi, hanyar aiki, tsari, ƙa'ida da tsurar bayanai daga abin da ake mallaka. Abin da ka fahimta daga na'ura naka ne.

Sashe na 20 ya halatta amfani na adalci, kamar amfanin kai, nazari da binciken da ba na kasuwanci ba, ya kuma ba kotu ma'aunai huɗu: manufar amfanin, irin aikin da aka taɓa, yawan abin da aka ɗiba, da tasirin hakan a kasuwar mai haƙƙi. Sashen ya kuma yi maganar manhaja kai tsaye. Ya yarda a kwafe ta ko a daidaita ta in hakan ya zama dole don a yi amfani da ita a abin da aka saye ta dominsa, ko don ajiyar ko-ta-kwana, ko don ta da na'urar da ke ɗauke da halastaccen kwafi yayin gyara, muddin ba a yi wani abu dabam da kwafin ba kuma aka goge shi bayan an gama. Wannan magana ce da ta shafi teburin mai gyara kai tsaye.

A cikin sashen dai an soke duk wani sharaɗin yarjejeniya da ke neman hana abin da dokar ta halatta. Muhimmancin wannan yana fitowa in aka tuna dogon rubutun nan da muke danna amincewa da shi ba mu karanta ba, wanda sau da yawa yake cewa an hana warwara. A Amurka wata kotu ta tabbatar da irin wannan sharaɗi a 2003. Tamu dokar ta zaɓi ta tsaya tare da mai amfani.

Sashe na 50 kuwa shi ne bango. Ya hana karya makullin fasaha da aka sa don kare aiki, ya hana ƙera ko sayar da kayan da karya makulli ne babban aikinsu. Amma ya bar kafa ga wanda ya mallaki kwafi ta halas ya tsallake makulli don gano abin da ake bukata kawai domin sabuwar manhajar da ya rubuta da kansa ta yi aiki da wasu.

In aka tattara, tambayoyi huɗu ne ke raba mai ilimi da mai ɓarna. Ta halas kwafin ya zo hannunka? Mene ne dalilinka, gyara da fahimta da haɗa na'urori, ko cin kasuwar mai abu da abinsa? Iya abin da ake bukata ka buɗe? Kuma abin da ka fitar, da hannunka ka rubuta shi ko ɗebowa ka yi? Wanda zai gina kasuwanci a kan irin wannan aiki, ya ajiye rubutaccen tarihin yadda ya yi shi, ya kuma zauna da lauya tun kafin ya fara sayarwa.

Wannan rabewa ba baƙuwa ba ce ga tunaninmu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ke karewa, bai halatta a keta su ba. Addinin da ya faɗi haka shi ne kuma ya kwaɗaitar da neman ilimi. Gumin wani ba a cinsa, ilimin da ke cikin abin da ka saya kuma ba a hana ka shi.

Amanar da ke kan teburi

Hannun da ke ta da matacciyar waya shi ne zai iya buɗe ta sata, kuma a nan ake gane ɗan halas a sana'a. Tun daga 2015 wayoyin Android ke zuwa da makullin da ke neman asusun mai ita bayan an goge ta, don ɓarawo ya rasa amfaninta. Mutane da yawa sukan manta asusunsu da gaske, musamman waɗanda wani ne ya buɗe musu a shago. Shi ya sa mai gyara na gari ba ya taɓa irin wannan waya sai ya ce, «Alhaji, a kawo rasit ko kwali tukuna.» In babu, ya ba da haƙuri. Kuɗin aiki ɗaya bai kai mutuncin rumfa ba.

Sauya lambar shaidar waya don a ɓatar da sawunta, karya makullin dikoda don a kalli tashoshi ba biya, sayar da manhajar da aka fasa, duk ba su da alaƙa da neman sani, kuma ban da dokar haƙƙin mallaka akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba. Hotuna da saƙonnin da ke cikin wayar kwastoma kuwa amana ce tsantsa, tun kafin dokar kare bayanai ta 2023 ta zo ta ƙara mata ƙarfi. Akwai kuma abin da ya kamata masu sana'ar su gaya wa kansu: akwatin filashin na jabu da aka sauko da shi kyauta gumin wani mai warwara ne irinsu. Wanda yake so a girmama basirarsa, ya fara da girmama ta ɗan'uwansa.

Abin da ya rage mana

Gombe tana da abin da ake bukata. Akwai Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere ta 2011, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha. Garin ne ya haifi Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami, wanda ya shugabanci hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA daga 2016 zuwa 2019, ya kuma riƙe ma'aikatar sadarwa daga 2019 zuwa 2023, don haka yaran garin sun ga da idonsu inda ilimin kwamfuta ke kai mutum. Abin da ya yi ƙaranci shi ne haɗuwa. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya san harshen C amma bai taɓa riƙe bulowa ba. Mai rumfa ya san fanel kamar yunwar cikinsa amma bai taɓa buɗe Ghidra ba, alhali kyauta ce kuma kwamfutar da yake filashin da ita za ta ɗauke ta.

Ya kamata makarantun nan su riƙa tura ɗalibai sanin makamar aiki a rumfunan gyara, su kuma buɗe wa masu gyara darussan yamma a kan harshen na'ura. Ya kamata ƙungiyoyin masu sana'ar su gayyato lauyoyi su karanta musu sashe na 3 da na 20 da na 50 da Hausa, su kuma mayar da neman rasit ƙa'idar da ba a karyawa. Iyaye ma su daina ganin yaron da ke kwance rediyo da tsohuwar waya a matsayin mai ɓarna. A ba shi abin da ya riga ya lalace, a nuna masa yadda ake mayarwa.

Injiniyoyin Compaq ba su fara da ƙirƙirar sabon abu ba, da fahimtar na wani suka fara, kuma a 1983, shekararsu ta farko a kasuwa, sun yi cinikin dala miliyan 111. Haka kusan duk ƙasar da ta iya ƙira ta faro. Saurayin da a yau yake bin layin caji da mita a Tudun Wada, in ya sami mai koya masa matakin gaba, shi ne zai rubuta manhajar inbatar da ta dace da zafinmu da irin wutarmu, kuma dokar ƙasarsa ta riga ta ba shi izinin koyon da zai kai shi can.